TARIHIN KAMBU A FINAFINAN HAUSA DA RABON DA MUKE DA SHI A CIKI

Duk shekara akwai lokacin da ake fitar da jerin sunayen finafinai da 'yan wasan da za su yi takarar kambu, kuma da zarar sunayen sun fito sai ka ji gardama ta kaure a tashar mota da shagunan cajin waya da majalisun samari, wannan ya ce an yi wa gwaninsa rashin adalci, wancan ya ce ai dama bai cancanta ba. Dattawanmu da dama in sun ji wannan hayaniya sai su kawar da kai su ce shirmen yara ne. To amma duk ɗan kasuwa ya san cewa wanda ke riƙe da mudu shi ke faɗin yawan hatsin da ke cikin buhu, kuma kambun nan mudu ne da ake auna harshenmu da labaranmu da shi a gaban mutanen da ba su taɓa zama da mu ba. Saboda haka ya kamata mu san inda abin ya faro, da hannun da mudun ya bi ya wuce, da kuma irin fim ɗin da ya fi cika shi. Wannan shi ne abin da nake so mu duba a wannan fitowa.

KAFIN A SAN KAMBU

Bahaushe ya daɗe da sanin yadda ake saka wa mai fasaha. Makaɗin fada in ya burge sarki a ba shi riga ko doki, wani lokaci har gida da gona. Mawaƙin jama'a kuwa liƙi ake yi masa a fili, attajiri ya ba shi mota ko kujerar Makka. A nan babu wani kwamiti, babu jerin 'yan takara, mai bayarwa shi ne alƙali, kuma kowa na ganin abin da ya bayar. Ko da boko ya zo, hanyar karramawa ce kawai ta sauya, alal misali digirin girmamawa na dakta da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Alhaji Mamman Shata a 1988.

Gasa irin wadda ake tara ayyuka a gaban alƙalai su zaɓa, ta shigo mana ne ta hanyar rubutu. A cikin 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke kula da Hukumar Fassara a Zariya, ya nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan gasa ce aka sami littattafai biyar da muka karanta ko muka ji ana karantawa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Mai karatu ya riƙe sunan Shaihu Umar domin za mu sake haɗuwa da shi. Ya kuma lura da cewa tun a gasar farko mudun yana hannun baƙo ne.

A wannan shekara ta 1933 ɗin ce kuma Sarkin Jama'a ya taso daga Jama'a Sarari ya dawo Kafanchan da zama. Dalili kuwa shi ne jirgin ƙasa. Tun 1927 garin ya zama mahaɗar layin dogo, inda wanda ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ke rabuwa, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Wannan ya jawo leburori da akawuna da fatake daga ko'ina, Hausawa da Fulani da Ibo da Yarbawa da Nufawa, suka zauna tare da Fantswam da Bajju da Kagoro da Kaninkon da sauran ƙabilun yankin, Hausa kuma ta zama harshen da kowa ke ciniki da shi. Duk wani sabon abu da ya shigo Arewa, ko jarida ko faifan garmaho ko rediyo, ba ya daɗewa sai ya sauka a tasharmu.

MAJIGI DA GIDAN SINIMA

Hoto mai motsi ya shigo ƙasar Hausa ta ƙofa biyu. Ƙofa ta farko ita ce majigi, wato motar gwamnati da ke yawo gari gari, a kafa farin ƙyalle a filin ƙofar fada ko na makaranta bayan sallar isha'i, a nuna wa mutane yadda ake tsabta da rigakafi da noman zamani, wani ma'aikaci na riƙe da lasifika yana fassarawa. Ingila ta kafa sashen shirya irin waɗannan finafinai domin ƙasashen da take mulka a 1939, daga baya gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da nata. Wanda tsofaffi suka fi tunawa shi ne Baban Larai, mai koyar da noman auduga. Majigi kyauta ne, kuma ba wanda ya taɓa tunanin a ba ɗan wasansa wata lambar yabo, domin aikin gwamnati ne kamar allurar shan inna.

Ƙofa ta biyu ita ce gidan sinima na kuɗi, wanda akasari Kwarori ne suka gina. An buɗe Rex a Kano a 1937. A 1951 gobara ta tashi a sinimar El Duniya a Kano ta hallaka mutum 331, abin da ya ƙara wa malamai da iyaye ƙyamar wurin, har aka daɗe ana ganin ɗan mutunci ba ya zuwa sinima. Duk da haka finafinan Indiya da aka fara kawowa a shekarun 1950 sun kama zukatan mutane fiye da na kaboyi, saboda a cikinsu akwai kunya da auren tilas da biyayyar iyaye da rikicin mai kuɗi da talaka, abubuwan da Bahaushe ya sani a gidansa. Mother India na 1957 ya yi shekaru da yawa ana maimaita shi. Samari suka raɗa wa jaruman Indiya sunayen Hausa, suka haddace waƙoƙin da ba su san ma'anarsu ba. Can a ƙasashen da ake yin waɗannan finafinai kuwa tuni an daɗe da fara raba kambu: Amurka ta fara Oscar a 1929, Indiya ta fara Filmfare a 1954. Mu a lokacin 'yan kallo ne kawai.

SHAIHU UMAR DA ZAMANIN TALABIJIN

A Afirka ta Yamma babbar gasa ta farko ita ce FESPACO, wadda aka fara a birnin Wagadugu a 1969. Da aka soma bayar da babban kambunta a 1972, wanda ya fara ɗauka maƙwabcinmu ne, Umaru Ganda na Jamhuriyar Nijar. A 1987 kuma kambun ya tafi ga fim ɗin Sarraounia na Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya. Labarin na Sarauniya Mangu ce ta Lugu a ƙasar Arewa ta Nijar, wadda ta yi fito na fito da sojojin Faransa a 1899, kuma daga littafin Abdoulaye Mamani aka ɗauko shi. Sai dai a Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, kuma akasarin maganar cikinsa ba Hausa ba ce. Ka ga labari namu, kambu na wasu.

A Nijeriya, Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar fim a 1976, da Hausa tsantsa, a kan irin faifan da ake haskawa a sinima. Bayansa an sami wasu kaɗan, kamar Ƙasarmu Ce na Sadiq Ɓalewa a 1991. Irin wannan aiki yana cin kuɗi mai yawa, sai gwamnati ko wata hukuma ta sa hannu, shi ya sa bai yawaita ba. Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Finafinai ta Nijeriya a 1979, mazauninta kuma yana nan Jos kusa da mu.

Abin da ya shiga gidajen talakawa da gaske shi ne wasan kwaikwayo na rediyo da talabijin. Mu da muka tashi a shekarun 1980 mun san yadda yara ke cika tsakar gidan duk wanda ke da akwatin talabijin in lokacin Samanja Mazan Fama ya yi, wato Usman Baba Pategi daga Kaduna, ko Ƙasimu Yero, ko Karkuzu daga Jos. A garinmu kallon nan bai san ƙabila ba, domin Hausar barikin soja da Samanja ke yi ita ce irin wadda ake ji a tasha da kasuwa, kowa yana ganin kansa a ciki. Ladan waɗannan mutane shi ne a san su a kan titi a yi masu kirari. Da yawansu sun tsufa ba su tara komai ba.

BIDIYO YA ZO, KASUWA TA ZAMA ALƘALI

A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, wanda ake ɗauka shi ne mafarin sana'ar fim ɗin Hausa kamar yadda muka san ta. Gimbiya Fatima ya biyo baya, sannan marubutan littattafan soyayya suka shigo, kamar Ado Ahmad Gidan Dabino da ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim. Da Sangaya ya fito a ƙarshen shekarun 1990, da Ali Nuhu da Fati Muhammad a ciki, sai waƙa da rawa irin ta Indiya suka zama gishirin kowane fim. Kaduna ma ba a bar ta a baya ba, domin Wasila na Yakubu Lere ya yi kasuwa ƙwarai a 2000.

A wannan zamani alƙali ɗaya ne, shi ne mai saye. Dilolin kaset na Bata da Ƙofar Wambai a Kano su ke faɗin fim ɗin da ya ci da wanda ya faɗi, gwargwadon katan nawa aka ɗauka. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Kano sarin atamfa da shadda sukan haɗo da kaset, shagunan haya suka buɗe a unguwanni, matan aure da ba sa zuwa sinima suka zama su ne manyan masu kallo. Wani abin lura shi ne a nan kudancin Kaduna masu sayen kaset ɗin ba Hausawa kaɗai ba ne. Wanda ke karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka kammala fassararsa tun 1932, yana kuma waƙar coci da Hausa, ba ya bukatar tafinta kafin ya yi dariyar Rabilu Musa Ibro.

Da sana'a ta bunƙasa sai mujallu suka biyo ta. Sunusi Shehu Daneji ya fitar da Tauraruwa a Kano, kuma a cikinta ne sunan Kannywood ya fara bayyana a 1999, shekara uku kafin a ji sunan Nollywood. A 1999 ɗin Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim. Waɗannan mujallu su suka koya wa jama'a bin labarin 'yan wasa, wa ya yi aure, wa ya saɓa da wa, wane fim ke tafe, su kuma suka share fagen tambayar da ke haifar da kambu, wato wane ne gwani.

KAMBUN CIKIN GIDA

A farkon shekarun 2000 aka fara shirya bukukuwan karrama 'yan fim ɗin Hausa, irin su Arewa Films Award, inda ake ware gwarzon jarumi da jaruma da darakta da mai barkwanci. Sai dai waɗannan bukukuwa sun zo a lokacin da sana'ar ke cikin tsaka mai wuya. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim a ƙarshen 2000, sannan ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2007 wani abin kunya da ya shafi wata 'yar wasa ya tayar da ƙura, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka sake dakatar da aiki na watanni, aka ɗaure wasu, da yawa suka kwashe kayan aikinsu suka koma Kaduna da Jos. Wanda ke neman inda zai ɗauki fim ba ya ta bikin kambu.

Sai a 2013 aka yi bikin Kannywood Awards a Kano da tallafin kamfanin MTN, wanda ya fi na baya tsari da armashi. Jaridar City People ta Legas ita ma ta ware wa 'yan Kannywood rukuni a bikinta, inda Rahama Sadau, 'yar Kaduna, ta ɗauki kambun jaruma a 2014 da 2015. Amma ciwon kambun cikin gida guda ɗaya ne tun farko: yana rayuwa ne da aljihun mai ɗaukar nauyi. In kamfani ko gwamna ya ba da kuɗi a yi biki, in ya janye a yi shiru. Kuma da yake masu shiryawa da masu takara duk 'yan gida ɗaya ne, kowane biki sai ya bar ƙorafin son kai a bayansa. Kambun da ba a san ko za a yi shi baɗi ba, ba ya ƙara wa fim kuɗi a kasuwa, kamar dai awon da ba a yarda da sikelinsa ba.

KAMBUN WAJE

A 2005 Peace Anyiam-Osigwe ta kafa gasar AMAA domin finafinan Afirka baki ɗaya, aka riƙa yin bikin a Yenagoa ta Jihar Bayelsa. A nan alƙalai ne ke zama su kalli finafinai su fitar da jerin 'yan takara, sannan su zaɓi gwani. A 2007 Ali Nuhu ya ɗauki kambun jarumi mai tasowa, amma da fim ɗin Sitanda na Izu Ojukwu, wanda ba na Hausa ba ne. Wato sai da ya tsallaka Kudu aka auna shi, alhali ya yi shekaru yana cika gidaje a Arewa.

A 2008 fim ɗin Tsintsiya na Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama ya sami kambu a bikin Zuma da Hukumar Finafinai ta Nijeriya ke shiryawa, a rukunin fim mai magana kan matsalar al'umma. Labarin soyayya ne da ta faɗa tsakiyar rikicin ƙabilanci da addini, kuma ofishin jakadancin Amurka ya tallafa wajen yin sa. A ƙarshen wannan shekara wata kotu a Kano ta ɗaure Iyan-Tama bisa ƙarar hukumar tace finafinai, ya fito a 2009 bayan ɗaukaka ƙara. A shekara guda, mutum guda, mudu biyu suka auna shi suka ba da sakamako daban.

A 2013 Blood and Henna, fim ɗin Hausa da Kenneth Gyang ɗan Jihar Filato ya ba da umarni, ya shiga jerin takara a rukuni shida na AMAA, ya ɗauki kambun sutura. Labarinsa ya taɓo gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996, Sadiq Sani Sadiq da Nafisa Abdullahi suka ja shi. A wannan shekarar ce kuma aka fara gasar AMVCA ta tashar Africa Magic a Legas, wadda a cikinta wasu rukunai alƙalai ke yankewa, wasu kuma 'yan kallo ke jefa ƙuri'a ta waya da intanet. Ta ware rukuni na musamman domin Hausa. Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya ɗauka a 2016, Mansoor na Ali Nuhu a 2018, Aisha na Abubakar Bashir Maishadda a 2023. A 2024 aka haɗe Hausa da Yarbanci da Ibo da sauran harsunan yankin a rukuni ɗaya na Afirka ta Yamma, fim ɗin Yarbanci Jagun Jagun ya ɗauka. Wannan ya nuna cewa rumfar da wani ya ba ka aro a kasuwarsa, ranar da ya ga dama zai iya haɗa ka da wani a ciki.

Kada mu manta da Amina, labarin sarauniyar Zazzau, masarautar da Jama'a ta daɗe a ƙarƙashinta. Izu Ojukwu ne ya yi shi da Turanci, ya fito a Netflix a 2021, ya kuma ɗauki babban kambun AMVCA a 2022. Abin da ya faru da Sarauniya Mangu a 1987 shi ya sake faruwa.

HANYAR OSCAR

A gasar Oscar akwai rukunin finafinan ƙasashen waje. Kowace ƙasa fim ɗaya take aikawa a shekara, wanda kwamitinta na gida ya zaɓa, kuma sharaɗi ne fiye da rabin maganar cikinsa ta kasance ba Turanci ba. Daga nan a tace a bar 15, a sake tacewa a bar 5, su ne 'yan takara na ainihi. Nijeriya ta fara aikawa a 2019 da Lionheart na Genevieve Nnaji, wanda Sani Mu'azu da Yakubu Muhammad suka fito a ciki, amma aka cire shi saboda Turanci ya yi masa yawa.

Wannan sharaɗi sai ya zama alheri ga harshenmu. A 2020 fim ɗin da Nijeriya ta aika shi ne The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda aka ɗauka a Jihar Taraba, akasarinsa da Hausa, kan wasu 'yan mata Fulani biyu da 'yan tayar da ƙayar baya suka raba da gida. Ya ɗauki kambu biyar a AMAA ta wannan shekara, ciki har da na gwarzon fim, Maryam Booth kuma ta ɗauki na mataimakiyar jaruma. A 2024 aka sake aika fim ɗin Hausa, Mai Martaba na Prince Daniel, wanda aka ɗauka a Daura kan rikicin gadon sarauta. Cikin manyan 'yan wasansa akwai Adam A. Zango, wanda sunansa ma ya nuna asalinsa, Zangon Kataf, nan maƙwabtanmu. Duka biyun ba su kai ga jerin 15 ba, kuma dalilin ba boyayye ba ne: bayan kyawun fim, sai an kashe kuɗi mai yawa a Amurka wajen nuna shi ga masu jefa ƙuri'a da tallata shi a jaridunsu. Duk da haka, sau biyu cikin shekara biyar ƙasar nan ta tsaya gaban duniya da harshen da muke ciniki da shi a kasuwar Kafanchan. A farkon 2024 kuma aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya.

ABIN DA TARIHIN KE NUNA MANA

In muka jera waɗannan abubuwa za mu ga guda biyu. Na farko, fim ɗin Hausa bai taɓa zama na Kano kaɗai ba, kuma bai taɓa zama na Bahaushen haihuwa kaɗai ba. Samanja mutumin Pategi ne. Ali Nuhu a Maiduguri aka haife shi. Sani Mu'azu da Nafisa Abdullahi daga Jos suka fito, Hadiza Aliyu daga Gabon, mawaƙiya Fati Nijar daga Maraɗi. Garuruwan da Hausa ke gogayya da wasu harsuna, irin namu, sun ba sana'ar nan mutane fiye da yadda ake zato.

Na biyu, da yawa daga finafinan da alƙalan waje suka ɗaga ba na rawa da waƙa da kishiya ba ne, na zaman mutane mabambanta ne da abin da ke faruwa in zaman ya lalace. Tsintsiya haka yake, The Milkmaid haka yake. Daɗin Kowa kuwa ƙagaggen gari ne da aka tara malami da ɗan kasuwa da ɗan gudun hijira da Kirista da Musulmi a unguwa ɗaya, wanda duk mutumin Kafanchan da ya kalla zai ce ai wannan layinmu ne. Wasu za su ce alƙalan waje labarin tashin hankali kawai suke so su ji daga Arewa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Amma maganin wannan shi ne wanda ya san zaman daga ciki ya ba da labarin da kansa, da daɗinsa da ɗacinsa.

Mu kuwa mun san shi. Mun san 1987, mun san Zangon Kataf a 1992, mun san 2011 da kasuwarmu ta ƙone. Mun kuma san abin da jaridu ba sa bugawa: maƙwabcin da ya ɓoye maƙwabcinsa, dillalin citta da manomin da suka yi shekara talatin suna bashi da biya ba takarda, direban jirgi da mai tuwon tasha, abincin Sallah da na Kirsimeti da ke tsallaka katanga. In ba mu ba da wannan labari ba, wata rana wani zai zo daga nesa ya ɗauke shi, ya yi shi da wani harshe yadda ya fahimta, ya karɓi kambu, mu kuma mu biya kuɗi mu kalla, kamar yadda aka yi da Mangu da Amina.

Yanzu kaset ya mutu, faifan CD ya bi shi, masu tura fim a waya sun karya dilolin da, sana'ar ta koma YouTube da tashoshin tauraron ɗan Adam, inda shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka samu karɓuwa tun daga 2020. Wannan ya rage tsadar shiga. Yaron da ke da waya mai kyau da kwamfuta yana iya fara abin da a da sai gwamnati. Makarantar koyon fim ta ƙasa tana Jos, tafiyar sa'o'i kaɗan daga nan.

Shawarata ga ƙungiya guda uku ce. A sa matasa su zauna da sauran tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa da fatake da unguwar zoma su ɗauki maganarsu kafin ƙasa ta rufe masu ido, domin labari shi ne jarin fim. A duba yiwuwar ɗaukar nauyin yaro ɗaya ko biyu masu hankali da tarbiyya su je su koyi aikin a makaranta, kamar yadda muke yi wa masu karatun likita da lauya. Sannan malamanmu su shigo ciki da gyara tun daga rubutu, maimakon a jira sai abu ya fito a yi tir. In ma za mu sa wata 'yar kyauta ta shekara shekara ga gajeren fim ko rubutaccen labari kan garin nan, to a buɗe ta ga duk ɗan yankin da ya yi da Hausa, kowace ƙabila ce, a sa alƙalan da ba su da ɗa a cikin takara, a kuma ware mata kuɗin da ba zai dogara da ɗan siyasa ba.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya shirya mana zuriya, Ya sa albarka a kasuwanninmu. Wassalam.